Shekarar da Na Zama Hannun Hagun Bukar

Na san abin da kuke faɗa game da shekarar da na yi ritaya. Ba a gabana kuke faɗa ba, tarbiyyarku ta fi ƙarfin haka, amma gidan nan ƙarami ne, abin da aka faɗa a tsakar gida yana isa zaure. Kuna cewa Baba ya samu aikin da zai ɗaga gidan nan ya ƙi, ya je ya zauna yana wasan kwamfuta kamar yaro. Rabin zancen gaskiya ne. Ragowar nake so in rubuta muku tun idona yana gani, musamman kai Auwalu da ke Safiya, domin ku biyu abin ya fi taɓawa.

Ƙananan cikinku ba su san Bukar a tsaye da ƙafafunsa ba. Ni tare muka tashi a unguwa ɗaya a nan Haɗejiya. Shi Babarbare ne, iyayensa daga gabas suka zo. Ni kuwa kakannina da shanu suka shigo ƙasar nan kafin su ajiye sanda su zauna a gari. Saboda wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, tun muna yara har muka yi furfura bai taɓa kirana Iliyasu ba, sai dai "bawana," ni ma haka nake mayar masa. Da muka girma ni na zama malamin gona, shi ya shiga fataucin kifi. Yana bin ƙauyukan bakin ruwa ta wajen Auyo yana sayen banda a hannun masunta, ya kawo kasuwa ya loda wa motocin kudu. Muryarsa ita ce rabin jarinsa. In yana ciniki a wannan bakin kasuwar, na wancan bakin ya san farashin da aka tsaya. Da damina in ruwa ya cinye hanya, masu jirgin da ke masa dako ne suke ƙetarar da ni da babur ɗina, yana zaune a gaban jirgi yana min dariya wai Bafillace ya ga ruwa ya riƙe katako kamar ya ga mutuwa. Da yamma kuma mu yi dara a ƙofar gidansa har a kira magariba.

Ban daɗe da ajiye aiki ba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, yana tsakiyar ciniki. Da aka dawo da shi daga asibiti a Kano, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Hankalinsa kuwa garau, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Yana jin yadda maganarsa take fita a murɗe, yana ganin masu dubiya suna gyaɗa kai alhali ba su gane ba. Sai ya daina magana baki ɗaya. Ya hana matarsa Falmata shigo da kowa in ban da ni, ni ɗin ma in na shiga bango yake kallo. Na taɓa kai masa 'ya'yan dara, ya sa hannu ya watsar da su. Abinci sai an yi ta lallashi, motsa jikin da likita ya ce ya riƙa yi kuwa ko sau ɗaya bai yarda ba.

Ɗansa Mustafa yana karatu a Masar a lokacin. Ya samu ɗan hutu ya zo, har ya gama kwanakinsa uban bai ce masa uffan ba. Ana gobe zai koma ya same ni a zauren nan, riƙe da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu.

"Baffa, na san Baba ba zai karɓi wayata ba. Ba ya so in ji yadda bakinsa ya koma."

"To ɗana, me kake so in yi?"

"Akwai wani wasan yaƙi a cikin wannan. Ba a magana a cikinsa. Ni zan shiga daga can, ku ku shiga daga nan, mu haɗu. Ko bai ce da ni komai ba, zan ga yana motsi, in san yana nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai wasan hannu biyu yake so, Baffa."

Na ɗan taɓa kwamfuta a ofis, don haka ban sha wuyar koyo ba sosai. Wasan dai haka yake: kowa ya zaɓi al'ummar da zai riƙe, a ba shi talakawa kaɗan da fili. Ya sa su noma da su da saran itace da haƙar ƙarfe, ya gina gari, ya tara soja, ya je ya rushe garin abokin gaba kafin a rushe nasa. Dakaru na yau da kullum kowa yana da su, amma kowace al'umma tana da irin sojanta na musamman da ba wanda yake da shi sai ita. Hannun dama yana riƙe ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda daga baya Bukar ya sa wa suna linzami, na hagu kuma yana kan madannai.

Ban ce da Bukar ya zo mu yi ba, na san halinsa. Cewa na yi gidanmu ba wuta, na zo cin arzikin solarsa. Kullum bayan la'asar in zauna a gefen gadonsa, ta ɓangaren hagunsa, ina karawa da kwamfutar tana lallasa ni. Na zaɓi wata al'umma ta makiyaya, ina ta tara shanu na manta da soja, sai ga abokan gaba sun shigo sun kore su kaf. Ina cikin salati na ji wani sauti a bayana kamar an shaƙe tunkiya. Na juya a tsorace. Ashe dariya yake yi, har da hawaye.

"Ba...fillace," ya ce, da ƙyar. "Nan ma... shanu."

Ita ce magana ta farko da na ji daga bakinsa tun da ya kame shi. Ya miƙo hannun damansa, na ɗora masa a kan linzamin.

Da ya duba al'ummomin bai yi wata-wata ba ya zaɓi mutanen kogi. Sojansu na musamman 'yan kwale-kwale ne masu jifa da mashi. Suna shiga ruwa marar zurfi inda manyan jirage ba sa iyawa, in sun kutsa cikin doguwar ciyawar ruwan nan, kacalla, ba a ganinsu, har suna iya ɗaukar jirginsu a ka su ƙetare tudu su faɗa wani ruwan. Amma a kan tudu tafiyar hawainiya suke yi, kuma jikinsu ba sulke, bugu ɗaya ya ishe su. Muka raba aiki, shi da linzami yana nuna inda za a je da wanda za a buga, ni da madannai ina gini, ina kiran rundunonin da muka sa wa lamba. A nan dabarar Mustafa ta yi aikin da shi kansa bai zata ba. Hannun Bukar mai lafiya yana kan linzami, ƙafar da ke kusa da ni kuwa ba ta motsi, ba shi da abin taɓa ni sai murya. Dole ya ce "ɗaya," ya ce "biyu," ya ce "ja," ya ce "saki." In ban gane ba sojansa su mutu, ya harare ni ya sake faɗa har ta fita daidai.

Ranar Asabar muke haɗuwa da Mustafa. Shi mutanen dutse yake riƙewa, masu giwayen yaƙi, kuma ba ya tausaya mana. Mun yi kowane irin kuskure. Da farko muka tara 'yan kwale-kwale jingim muka tura su gaba da gaba, giwaye suka bi ta kansu kamar an taka gyaɗa. Wani makon muka fara ƙera su da wuri ƙwarai, itace ya ƙare, gari ya kasa girma. Wani makon kuma muka ɓoye su a kacalla muna tattalinsu kamar kayan lefe, har aka cinye garin ba su jefa mashi ko ɗaya ba. Duk sanda aka ci mu, Mustafa yakan rubuto a ƙasan allo, "Sannu Baba, sannu Baffa." Bukar ya yi tsaki ya ce in sake kunnawa mu gwada da kwamfuta. Falmata ta gaya min ya fara cinye tuwonsa, wai yana cewa mai yunwa ba ya yaƙi.

Ana cikin haka kai Auwalu ka zo daga Kano da albishir. Wani kamfanin noman shinkafa a Taraba yana neman tsohon malamin gona da zai kula masa da gonaki na wasu shekaru, kuma kai ka yi ta zirga-zirga har aka amince da ni. Albashin ya fi wanda na bari. A lokacin Safiya ta samu gurbin karatun jinya, fanshona kuwa bai fara fitowa ba. Ina tuna zaman da muka yi a ɗakin mahaifiyarku bayan azahar.

"Baba, wata mai zuwa suke so ka fara," ka ce.

"Ba zan iya tafiya bana ba, Auwalu."

"Saboda me, Baba? Jikinka ne?"

"Saboda Bukar."

Ka sunkuyar da kai, ka ce, "Baba, ka yi min aikin gafara, amma Baba Bukar yana da iyali. Wasa ne fa kuke yi."

Mahaifiyarku ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Malam, ba na hana ka zumunci. Amma abota ba ta shiga tukunya, kuma yarinyar nan ta sa rai."

Ke Safiya kina bakin ƙofa, ba ki ce komai ba, kin juya kin koma madafa. Shirun nan naki ya fi min duk maganganun nauyi, har yau ina jinsa.

Ban gaya wa Bukar ba, amma magana ta bi ta wajen mata ta isa gare shi. Washegari na tarar ya sa an rufe kwamfutar an ɗora a kan kabad.

"Tafi," ya ce.

"Ina?"

"Ta...raba. Tafi."

"Yaushe aka fara, bawa yana korar ubangidansa?" na ce, na sauko da kwamfutar na kunna.

Ya kalle ni, ya kalli allon. Daga baya ya ɗora hannu a kan linzami.

Ba zan ce muku abin bai ci komai ba. Safiya ta zauna shekara guda a gida tana kallon ƙawayenta suna tafiya, kuma da ta shiga, kai Auwalu ka ɗauki nauyin da ni ya kamata in ɗauka, har ka ɗage aurenka. Ɗakunan bayan nan da har yau ba su da rufi, da na je Taraba da tuni an shiga. Na san duk wannan tun a ranar. Abin da na gani wanda ku ba ku gani ba shi ne, aiki yana iya samun wani malamin gona, karatu yana iya jira ko da ciwo, amma mutumin da ya fara leƙowa daga rami, in ka sake shi a lokacin, komawa zai yi. Ba kuma shi kaɗai ba. Ni ma da na ajiye aiki ba wanda yake nemana da la'asar sai shi. Mahaifiyarku, Allah ya saka mata, ta yi fushinta na kwanaki, daga baya ita ce take dama fura ta ce in tafi wa Babarbaren nan da ita, kada ya ce Fulani sun yi rowa.

Sannu a hankali Bukar ya gano kan sojansa. Ya lura cewa giwayen Mustafa ba su kaɗai suke cin mu ba, maharban da ke rakiyarsu ne suke kashe 'yan kwale-kwale tun daga nesa, su kuwa maharba ba sa samuwa sai da itace. Don haka muka daina jiran yaƙi ya zo. Da zarar mun samu jirage kaɗan sai mu bi ta rafi mu faɗa wa masu saran itacensa, mu jefa, mu ja da baya kafin ya waiwayo, mu ɓullo ta wani wajen. Muka koyi barin dakaru masu arha su tsare gida, su sha bugun, 'yan kwale-kwale kuwa ba sa tsayawa a inda za a taɓa su. Muka koyi jiran kammala wani gini da ke ƙara wa mashinsu nisa kafin mu tara su da yawa. Na ga Bukar yana yin abin da ya saba a kasuwa, yana karanta mutum. Ya ce ɗansa yana da gaggawa tun yana ƙarami, in ya ga abu a buɗe ba ya tambayar wa ya buɗe.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malala cikin fadama, ana ta zancen shinkafar da ruwa ya haye a ƙauyuka. Sama ta haɗe, ina fargabar kada sabis ya ɗauke. Tun farkon wasa runduna ta ɗaya ta hana masu saran itacen Mustafa sakat. Sai Bukar ya sa ni gina babban rumbu a gaban garinmu, dab da wani mashigi mai taɓo, ya bar dakaru ƙalilan a wurin. Runduna ta biyu ya ɓoye a kacalla ta sama da mashigin, ta uku ta ƙasa. Muka zauna. Can sai ga giwaye sun ɓullo, da maharba tsiraru a bayansu. Suka hango rumbu, suka nufo shi kai tsaye. Ta farko ta shiga ruwa, tafiyarta ta ragu. Yatsana yana kan madanni.

"In saki?"

"Tsaya."

Ta biyu da ta uku suka shiga. Ta gaba ta kusa kaiwa gaci, dakarunmu sun fara faɗuwa.

"Bukar, za su cinye rumbun!"

"Bar su. Tsaya."

Sai da ta ƙarshe ta tsoma ƙafa a taɓo, sannan ya buɗe baki.

"Biyu! Uku! Saki!"

Ba murɗaɗɗiyar muryar nan ba ce, muryar kasuwa ce, wadda na yi zaton an binne ta. Falmata ta shigo a guje da ludayi a hannu, ta zaci faɗuwa ya yi. Jirage suka fito daga ɓangarori biyu, mashi yana sauka kamar ƙanƙara. Giwa ba ta iya juyawa a taɓo, ta gaba ta tare ta baya, maharban kuwa tun jifan farko suka ƙare. Ba mu tsaya murna ba. Ya sa sauran suka ɗauki jiragensu a ka suka ƙetare wani siririn tudu, suka faɗa tabkin da ke bayan garin Mustafa, inda bai sa ko hasumiya ɗaya ba don bai taɓa zaton za a zo masa ta nan ba. Muka ƙone gidan giwayen. Jim kaɗan rubutu ya fito cewa ya miƙa wuya.

Ba mu gama numfashi ba wayar Falmata ta yi ƙara. Ta duba, ta juya za ta fita tsakar gida kamar yadda ta saba in Mustafa ne. Bukar ya saki linzami ya miƙa hannu. Ta tsaya tana kallona, na gyaɗa mata kai. Ya kara wayar a kunne.

"Mus...tafa," ya ce. "Ina giwayen?"

Ina jin yaron daga inda nake, dariya yake yi ko kuka, ban iya rabewa ba. Na ɗauki hulata na fita na ba su wuri. An fara yayyafi, na taho gida a ƙasa ban nemi abin hawa ba.

Bayan wannan ya ƙara shekara ɗaya da ɗoriya. Ya yarda ana fito da shi ƙofar gida, masunta suna zuwa gaishe shi, yana musu faɗa a kan farashi da rabin baki. Ya koma sallar Juma'a, ana ɗaukarsa a a-daidaita-sahu. Mun ci gaba da wasanmu, wani makon mu ci, yawanci a ci mu, amma yanzu kowace Asabar wayar tana biyo baya. Ciwon ya dawo masa da sanyin safiya a lokacin ɗari, bai kai azahar ba. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Mustafa yana tsakiyar jarrabawa, bai samu jana'iza ba, sai bayan an share makoki ya iso. Ya zo gaishe ni, muka zauna a zauren nan, muka yi addu'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina wadda ban taɓa yarda Bukar ya ji ba, sai na ga in ban yi ta ranar ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Ranar mashigin nan, bari ka yi mu ci?"

Ya ɗago jajayen idanunsa, sai ya yi murmushi.

"Wallahi Baffa ban bari ba. Na yi niyyar wata rana in bari, amma na ji tsoron Baba zai gane, ya daina wasan. Ranar nan cin gaske kuka yi min. Rumbun na gani, na ce tsofaffin nan sun manta da tsaro. Kwana na yi ina jin haushin kaina."

Wani daɗi ya cika min ƙirji, irin wanda na daɗe ban ji ba. Na yunƙura zan tashi in je in gaya wa Bukar. Sai da na zura ƙafa ɗaya a takalmi sannan na tuna.